Wai jimlar farko ce kullum jigon sakin layi?

Malamin darasin yamma: Ni dai abin da nake gaya wa yarana masu shirin WAEC da NECO shi ne: ku ja layi a ƙarƙashin jimlar farko, ita ce jigo. A ɗakin jarrabawa ba a da lokacin dogon nazari.

Malamar Hausa: Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Ga sakin layin da na ba 'yan ajina jiya: "Mutane da yawa sun ɗauka rani lokacin zaman banza ne ga manomi. Amma a Kadawa rani ne lokacin neman kuɗi. Ruwan madatsar Tiga na biyo magudanai har cikin gonaki, ana dasa tumatir da albasa, manyan motoci na lodi zuwa kudu." Tiga da tumatir da motocin nan, wace jimla suke yi wa hidima? Ta biyu. Ta farkon an kawo ta ne don a rushe ta. Rabin ajin suka faɗa ramin.

Malamin darasin yamma: Wannan ai tarko kika haɗa musu da gangan, Malama. Buɗe labarin jarida ki gani, a layin farko ake zube komai.

Tsohon hedimasta: Jarida daban, ɗana. An tsara ta ne don mai gaggawa. Ka tuna wasiƙar da muke rubutawa gida: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya..." Sai an gaida kowa har jariri kafin a ce "dalilin rubuto wannan takarda". Bahaushe bai saba fara magana da buƙatarsa ba.

Ɗalibar aji shida: To Baba, mu ya za mu yi? Kowa da tasa.

Malamar Hausa: Fara da jimlar farkon, ban hana ba, sau da yawa ita ce. Amma ki gwada ta: sauran jimlolin ita suke bayani? In kika ga "amma" ko "sai dai" ya biyo bayanta, ki dakata. In kika ga "misali", waiwaya baya, jigon na nan kusa. Wani marubucin kuma sai ya tara hujjoji tukuna, ya ajiye jigon a ƙarshe bayan "saboda haka".

Malamin darasin yamma: Na karɓi na "amma". Sauran kuwa, yaron da ya saura da minti goma, jimlar farko zan ce ya kama.