Lambar katin RFID tana fitowa guntuwa, ina mafita?

Ɗalibi: Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Ina haɗa na'urar ɗaukar halarta da ƙaramin allon kwamfuta Arduino Uno da RC522 (na'urar karanta katin RFID, wato katin da ake karantawa ba tare da an taɓa shi ba), lambar katin bayit 4 ce amma in na buga ta a allon kwamfuta da Serial.print da HEX (tsarin ƙirga na 0 zuwa F, inda kowane bayit ke cin haruffa 2) sai in ga haruffa 7 maimakon 8, tun jiya nake fama har na fara zargin wayoyin haɗin

Mai gyaran waya: hhh wayoyinka lafiyarsu ƙalau ƙanena, Serial.print ne ba ya sa sifili a gaba. 0x0A sai ya ba ka A tsurarta

Anti: kuma kar ka ɗauke shi wasa fa, 01 23 da 12 03 duka 123 za su fito, ka ga mutum biyu sun koma mutum ɗaya a rajistarka. Ni umarnin tsara rubutu na sprintf da %02X (haruffa 2 dole, a cike da sifili a gaba) nake sawa in huta

Admin: sprintf ba laifi, sai dai a kula. Akwai ranar da na raba dare a kwamfuta ina ganin ffffff9c inda nake jiran 9c, ashe nau'in char na sa maimakon unsigned char (wanda ba ya ɗaukar lamba mai ragi, wato ƙasa da sifili), duk abin da ya kai 0x80 sai a ɗauke shi lamba mai ragi a cika gabansa da f. Wallahi kamar in yi kuka

Malam: ni a Uno ba na son sprintf, tana cin waje a banza, allon da RAM ɗinsa 2KB ne kacal, filashi 32KB. Ka ajiye jerin 0123456789ABCDEF, ka raba bayit, mu kira shi b, gida biyu, b >> 4 ya ba ka rabin sama, b & 0x0F ya ba ka na ƙasa, kowanne tsakanin 0 da 15 yake, sai ka ɗauko harafin da ke wannan gurbin a jerin, shi ke nan sifilin da kansa zai zo ba sai ka roƙe shi ba

Anti: Malam ai kati ɗaya yake karantawa ba dubu ba 😂

Malam: a bar shi ya koyi hannu dai. Kuma inda za ka ajiye haruffan ka ware gurbi 9 ba 8 ba, na ƙarshen na sifilin rufewa ne, mai nuna ƙarshen rubutu

Ɗalibi: na gwada ta Malam, 8 cif sun fito, na gode. Amma akwai wani kati nan mai ba ni haruffa 14

Admin: wannan mai bayit 7 ne, maida gurbin 15, ka riƙa duba uid.size, shi ke faɗin yawan bayit ɗin lambar katin