Zaɓen wurin zamiya a farkon hunturu: abin da aka tattauna

Tambayar ita ce: ina ya kamata mai son wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara (ski) ya dosa a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kafin dusar ƙanƙara ta zauna sosai? Kusan baki ya zo ɗaya a kan abu guda, wato a duba tsayin wuri kafin a duba kyan hotonsa.

Val Thorens ta Faransa aka fi ambata, domin garin yana bisa tsayin mita 2,300, kuma a kan buɗe shi tun a Nuwamba. Masu son kwanciyar hankali suka ce a nemi inda ke da daskararriyar ƙanƙara mai kwana shekara, kamar Hintertux a Ostiriya ko Zermatt a Suwizalan. An taɓo Ruka ta Finlan ma, inda ake adana dusar bara a shimfiɗa ta a Oktoba, sai dai rana ba ta daɗewa can a Disamba.

Gargaɗin da ya fi kama ni shi ne na kalmar "a buɗe". Wuri na iya cewa ya buɗe, ka je ka tarar da siririn layi fari guda ɗaya, hagu da dama ciyawa ce da laka. Injinan fesa dusa kuma ba sa aiki sai sanyi ya kai. Don haka a tambayi hanyoyin zamiya nawa ke aiki, a leƙa kyamarorin wurin ta intanet.

Masauki kuwa, a kama wanda za a iya sokewa ba asara. Kafin Kirsimeti ya fi sauƙin kuɗi.