Neman Shawara: Ina Jan Dogon Numfashi Kamar Yadda Likita Ya Ce, Amma Abin Ƙaruwa Yake Yi

Assalamu alaikum. Shugaban zaure, don Allah a sakaya sunana.

Ni tela ne a Mabera, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya 3. Abin ya fara mini ne a goman ƙarshe na azumin da ya wuce. Duk wanda ya san tela ya san halin da muke shiga a lokacin: ɗinki jibge, alƙawari ya fi ƙarfin hannu, ga zafin Sakkwato, ga janareto yana ruri a bakin shago har asuba. Daga shan ruwa zuwa sahur nakan sha shayi kofi 5, in ɗora da lemon ƙara kuzari. Wani dare wajen ƙarfe 2, ina kan keke ina haɗa wuyan wata shadda, sai gabana ya yanke ya faɗi ba gaira ba dalili. Zuciyata ta kama dukan uku-uku, ƙirjina ya ɗaure kamar an aza mini buhun siminti, numfashi ya ƙi isa. Wallahi har kalmar shahada na yi. Yaron shagona ne ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya zauna bayana yana riƙe da ni har asibiti.

An auna jinina, an liƙa mini wayoyi a ƙirji an duba zuciya, aka ce komai lafiya. Likitan, da layi ya sha masa kai, ko minti 3 bai yi da ni ba. Ya ce damuwa ce, in rage shayi, in riƙa motsa jiki, in abin ya taso kuma in ja dogon numfashi.

To ga inda gizo ke saƙa. Yau wata 7, abin yana zuwa mini sau 2 ko 3 a wata. Da na ji alamarsa sai in buɗe baki in zuƙi iska iya ƙarfina, in sake, in sake. Maimakon sauƙi sai jiri ya kwashe ni, leɓena ya mutu, yatsuna su riƙa tsitstsira kamar ana soka mini allura, wani lokaci har su ƙanƙame. Na gwada gudu da safe a filin wasa na Giginya, amma da zuciyata ta fara bugawa sai in tuna daren nan, in tsaya cak in koma gida. Innarmu ta ce iska ce, ko kuma wani a kasuwa ya jefe ni. Ni dai na rasa na kamawa. Shin dogon numfashin nan gaskiya ne, ko likita ya faɗa ne kawai don in tashi in ba na baya wuri?

Maman 'yan biyu: Allah sarki. Allah Ya ba ka lafiya ɗan'uwa, Ya sa kaffara ne.

Dattijo daga Kanwuri: Ɗana, wanga abu ba sabo na ba. Tun muna yara anka san hwaɗuwar gaba. Ka riƙe azkar na sahe da na marece, da ambaton Allah zukata ka samun natsuwa. Innarka kuma kar ka ga laihinta, uwa ta. Amma hwa shayin ga da kac ce kana sha, ka dube shi da kyau. Ni goro yas so shi kai ni ƙasa, sai da na rage shi kana na samu kwana.

Ɗan Gawon Nama: Oga na taɓa gani a wani bidiyo, wai in ya taso ka sa hanci da baki cikin leda ka yi ta numfashi a ciki. Ka jarraba.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanena na Gawon Nama, don Allah kar a yi wannan. A da ana yin sa da jakar takarda, yanzu an daina ba da shawararsa, domin in aka yi rashin sa'a asma ce ko ciwon zuciya, ka toshe wa mutum iskar da yake bukata. Leda kuwa ba a ma maganarta.

Mai tambaya, likitanka bai yi maka ƙarya ba, bayanin ne bai cika ba. Kalmar "dogon numfashi" ce ta yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ba. Abin da kake yi ba dogon numfashi ba ne, haki ne da gangan.

Bari in warware maka. Lokacin da abin ya taso kana jin kamar iska ta yi maka kaɗan. Da za a maƙala maka ɗan abin awon nan a yatsa a daidai lokacin, mafi yawanci za ka ga iskar oksijin a jininka tana tsakanin 95 da 100, wato a cike take. Babu gurbin da za ka ƙara. Abin da zuƙar nan taka take yi shi ne kwashe ɗaya iskar, kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa. Mutane sun ɗauka shara ce kawai, alhali jiki yana bukatar wani kaso nata ya zauna a jini. In ta yi ƙasa, hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa sai su ɗan tsuke, ga jirinka nan. Jijiyoyi kuma su rikice, ga mutuwar leɓe da tsitstsirar yatsu da ƙanƙamewa. Kai kuma da ka ji haka sai ka ce shi ke nan, mutuwa ta zo, ka ƙara zuƙa. Kana kashe wuta da fetur.

Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda ya firgita yakan zarce haka nesa. Abin da ake so ka yi shi ne ka sauko ƙasa, wajen sau 6 a minti. Ka rufe baki, ka shaƙa ta hanci a hankali kana ƙirga 4. Ba sai ka cika ƙirji ba, kaɗan ya isa. Sannan ka tsuke leɓe kamar mai hura kunu mai zafi, ka fitar kana ƙirga 6. Sirrin yana wajen fitarwar. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya ta sauka ga zuciya da ciki, ita ce birkin zuciya, kuma lokacin fitar da numfashi ne take taka birkin. Ka gwada yanzu: ɗora yatsu 2 a wuyan hannunka, za ka ji bugun yana ɗan sauri in ka shaƙa, yana lafawa in ka fitar.

Sai ka lura da inda iskar ke zuwa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Na cibiya ake so ya ɗaga. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata tsoka shimfiɗaɗɗiya kamar faifai a kife, ita ce ainihin injin numfashi, in ta sauka sai ciki ya turo. Ka kalli ƙaramin ɗanka in yana barci, cikinsa ne ke hawa da sauka, ba kafaɗunsa ba. Ku teloli kuwa kuna wuni a duƙe kan keke, ciki a matse, ga tazuge a ɗaure tamau, dole numfashi ya koma saman ƙirji.

Mai tambaya: Anti nas, Allah Ya saka da alheri. Wallahi kamar kina wurin. Na gwada yanzu a shago, amma ƙirga 6 ɗin nan ya yi mini tsawo, ina kaiwa 4 sai in ji kamar zan shiɗe.

Ma'aikaciyar jinya: To ka fara da 3 da 4, ba gasa ba ce. Muddin fitarwa ta fi shaƙa tsawo, ka kama hanya. Kuma kar ka jira sai abin ya taso. Ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife. Minti 5 bayan sallar asuba, minti 5 kafin ka kwanta, kullum, lokacin da hankalinka yake kwance. Ka sani kuma, irin wannan firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka da kansa. Numfashin ba ya yanke shi kamar wuƙa, hana ka ƙara masa itace yake yi.

Dattijo daga Kanwuri: Ɗiyata, na yi lissahi. Huɗu da shida goma kenan. Tasbaha ƙarama ɗiya 33 gare ta. In ya ja ɗiya guda ga kowane numfashi, kahin ya kai ga liman ya yi minti biyar da rabi. Ba ya bukatar agogo, ga lada kuma.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, wallahi ka fi ni iya koyarwa. Zan ara in ba marasa lafiyata.

Mai horar da 'yan ƙwallo a Arkilla: Maigida, ni ɓangaren gudun zan taɓa. Kuskurenka shi ne ka tashi daga kan keken ɗinki kai tsaye ka ce za ka zagaye Giginya da gudu. Ko yarana ban fara musu da haka. Bugun zuciya lokacin motsa jiki ba ciwo ba ne, aikinta take yi, tsoka ta nemi jini ita kuma ta aika. Tunda an duba an ce lafiya take, abin da ya rage shi ne ka saba da jin bugun ba tare da ka tsorata ba, kuma wannan kansa magani ne.

Ka fara da tafiya mai ɗan sauri, minti 15, kana ƙarawa a hankali. Ma'aunina mai sauƙi ne: in kana iya yin magana da na kusa da kai amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai. In magana ta gagara, rage. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na irin wannan, ka ga minti 30 sau 5 kenan. In zuciya ta buga ka ji tsoro, kar ka tsaya cak ka juya gida, nan ne tsoron ke samun gindin zama. Ka rage sauri, ka ci gaba da takawa kana fitar da numfashi a hankali har ta lafa. Kuma kar ka ce za ka yi ƙirgen 4 da 6 kana cikin gudu, wancan na zaune ne. A guje jiki na bukatar iska da gaske, ka bar shi ya sha ta hanci da baki.

Ga hunturu nan tafe. Ranar da ƙura ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen titi, ka haƙura da fita ko ka sa takunkumi. In bazara ta dawo kuma, daga an sallame asuba zuwa fitowar rana ne lokacinka, ka san garinmu in ya haura digiri 40 ba a wasa da shi.

Wata uwa daga Runjin Sambo: Ni dai zan ce a ƙara bincike. Bayan haihuwata ta 3 haka na yi ta fama, faɗuwar gaba da haki ko tsakar gida na share. Kowa ya ce damuwa ce, har da masu cewa kishiya nake tsoro. Ashe jinina ne ya yi ƙasa sosai. Da aka ɗora ni kan maganin ƙarin jini abin ya tafi. Ba na ce naka haka ne ba, amma awon jini ba shi da tsada.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiyarki Hajiya. Ƙarancin jini, asma, da ciwon ƙululun wuya mai haddasa maƙoƙo in ya yi aiki fiye da kima, duk suna iya zuwa da wannan kama. Ya nemi a duba su. Kuma duk mai karantawa ya ji: in ciwon ƙirji yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko mutum ya suma, ko ƙafafu sun kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai an tada shi da matasai, ko tari da jini, wannan ba na zama ana ƙirga numfashi ba ne, asibiti za a nufa a lokacin. Mai hawan jini ma kar ya ajiye maganinsa ya ce ya samu numfashi. Yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

In an duba duk babu komai kuma abin bai bari ba, akwai likitocin da aikinsu kenan, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kuma asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kware.

Ɗan Gawon Nama: Kware kuma? Anti mutumin nan ɗinki yake yi lafiya lau, bai fara tsince-tsince a bola ba.

Malamin makaranta daga Wamakko: Ka ji irinta. Wannan maganar taka ita ke sa mutane su shekara suna shan wahala a ɗaka. Ni na je Kware da ƙafata, a kan mashin ɗina, saboda irin wannan firgicin. Zama muka yi ta yi da likita ana tattaunawa, ya koya mini yadda zan gane tunanin da ke kunna abin. Na koma aji washegari, ba wanda ya ɗaure ni.

Ɗan Gawon Nama: Afuwan Malam, wasa nake.

Mai tambaya (bayan mako 3): Jama'a na dawo da bayani. An auna jinina da na wuya, duk lafiya. Shayi na mayar da shi kofi 1 da safe, lemon gwangwanin na bar shi, kwana 4 na farko kaina kamar zai tsage. Tasbahar Baba tana aljihuna, asuba da dare. Tafiya na kai minti 25, ni da wani maƙwabcina mai sayar da taya.

Shekaranjiya abin ya zo. Wani Alhaji ne ya shigo karɓar shaddarsa ta ɗaurin aure, ni kuwa ko yanka ta ban yi ba. Yana cikin faɗa na ji gabana ya faɗi, ƙirji ya fara ɗaurewa. Na ce masa Alhaji yi mini haƙuri minti kaɗan. Na ja kujera baya daga keke, na sassauta tazuge, na fito da tasbaha. Ba zan ce ban ji tsoro ba, na ji sosai, har zufa ta jiƙa mini riga. Amma leɓena bai mutu ba, yatsuna ba su ƙanƙame ba, kafin in zagaye ta sau 2 ya sake ni. Alhaji ya ɗauka addu'a nake yi a kansa, ya sassauta murya har yana ce mini ba komai.

Malam na Wamakko, zan je inda ka je, na sa ranar Talata. Inna kuma har yanzu tana aiko mini da rubutu a gora, ina sha. Shaddar Alhaji dai ga ta nan a kan tebur, gobe bayan la'asar zai dawo.