Toshe siginar waya a gidanka: me dokar Amurka ta ce?

An tambaya ko mutum na iya kafa na'urar toshe sigina a gidansa ko shagonsa. Bakin masu ba da shawara ya zo ɗaya: a'a. Fili naka ne, amma zangon rediyo yana hannun FCC, hukumar da ke kula da harkokin sadarwa a Amurka, kuma dokar sadarwa ta 1934 ta haramta yi masa kutse. Abin da ya fi damuna, katangar gidanka ba ta tsare abin da na'urar ke watsawa. Maƙwabcin da ke kiran lambar gaggawa ta 911 cikin dare shi zai cutu. A 2014 an ci kamfanin otal-otal na Marriott tarar dala 600,000 kan toshe Wi-Fi na baƙi. A maimakon na'urar, wasu suka ce a lulluɓe ɗaki da ragar ƙarfe mai tare sigina, tunda ba ta watsa komai. Wasu kuma, a karɓi wayoyi a bakin ƙofa.