Neman kalmar Hausa: motar da ake tafiya da ita kuma ake kwana a cikinta

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, malamai. An ba ni fassarar wani shirin rediyo kan yadda ake shirya motar nan da Turawa ke kira motahom kafin doguwar tafiya, kuma ranar Alhamis zan miƙa aikin. Mota ce mai injinta da sitiyarinta, sai dai a bayanta akwai gado da murhun gas da firiji da banɗaki da tankin ruwa, ba ɗakin nan ba ne da ake ɗaurawa a bayan wata mota a ja. Sunan zai fito a kusan kowace jimla, misali inda ake cewa a duba shekarun taya, domin irin wannan mota takan daɗe a ajiye har tayar ta tsufa ta tsattsage alhali zanenta bai cinye ba. Ina neman suna wanda mai sauraro zai gane da ji ɗaya. Na fara rubuta "motar gida", amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Malamar Nahawu:
Wa alaikumus salam. Ka yi daidai da ba ka natsu ba, domin motar gida ita ce kishiyar motar haya, kuma babu wanda zai ji ta ya kawo gado a ransa. "Gidan mota" kuwa gareji ne. Shawarata ita ce "motar tafi-da-gidanka". Mun saba da wayar tafi-da-gidanka da kotun tafi-da-gidanka, ga shi kuma a nan maganar ta faɗa kan ainihin ma'anarta, tunda mutum da gidansa yake tafiya.

Mai Kishin Harshe:
Malama, ban yarda ba. Tafi-da-gidanka ya riga ya zama sifar duk abin da ake yawo da shi, saboda haka in an liƙa shi ga mota ba a ƙara komai ba, don kowace mota yawo take yi. Muna da kalmar zango tun zamanin fatake, inda ayari ke sauke kaya ya kwana, shi ya sa nake cewa "motar zango": gajere ne, namu ne, kuma ya faɗi aikin motar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mai tambayar ya rubuta motahom kamar an riga an yanka mata rago. Haka muke yi kullum, sai baƙuwar kalma ta zauna daram sannan mu fara neman tamu.

Tsohon Direba:
Allah ya gafarta malam, ni ta fuskar hanya zan yi magana. Duk sunan da za a zaɓa, kalmar mota ta zo a gaba, domin wanda ya ɗauki abin a matsayin gida zai tashi ya hura murhu ko ya miƙe a gado ana cikin gudu, alhali in ana tafiya wurin zaman kowa shi ne kujera mai bel, kuma bel ɗin a ɗaure. Kafin a tashi ana rufe tukunyar gas, a kulle firiji da durowoyi, a rufe tagar rufi, a cire wayar lantarkin da aka jona. Sai batun nauyi, wanda shi ne mutane suka fi rainawa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 100 in ya cika ya ci kilo 100 daga lodin da aka yarje wa motar, kuma a yawancin ƙasashen Turai lasin ƙaramar mota a kilo 3,500 ya tsaya. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, tsakanin tayoyin gaba da na baya, don kada motar ta yi tangaɗi wajen shan kwana ko birki ya yi mata kaɗan. A kuma rubuta tsayinta a manna kusa da sitiyari saboda gadoji masu gajeren ƙarƙashi. "Motar zango" na sa ni tunanin mota a tsaye, shirin kuwa kan tafiya yake.

Mai Kishin Harshe:
To ai ba a yada zango sai an yi tafiya. Kuma ina so in ji yadda za a faɗi sunan iskar nan mai guba da wutar murhu kan fitar a cikin motar, ko ita ma aro za a yi?

Editan Labarai:
Ranka ya daɗe, mota da taya da birki da gas duk aro ne, kuma da su kake magana. An daɗe ana koyar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma kwamfuta ce a bakin mutane. Faransawa ma, duk da tinƙahon da suke yi da harshensu, kalmomin Ingilishi biyu suka haɗa suka raɗa wa wannan mota suna. Game da iskar, a ce kabon monoksaid sau ɗaya, a bi da bayanin cewa ba ta da wari ba ta da launi, tana fitowa in wuta ba ta ci da kyau ba a wurin da iska ba ta shiga, shi ya sa ake sa na'urar da ke ƙara in ta ji ta. Kada a ɗauka ita ce gas ɗin tukunya, wanda shi yana da wari kuma ya fi iska nauyi, don haka ba a toshe ramukan da aka bari a ƙasan ma'ajiyar tukunyar. A irin wannan wuri kuskuren kalma rai yake ci.

Mai Kishin Harshe:
Abin da Faransawa suka yi bai zama hujja a kanmu ba. Sunayen jirgin ƙasa da jirgin sama mu muka ƙirƙira su, kuma sun zauna.

Mai Fassara:
Na gode muku duka. A farkon shirin zan ce "motar tafi-da-gidanka, wato mota mai ɗakin kwana da wurin girki a cikinta", daga nan sai in riƙa cewa "motar" kawai saboda tsawon sunan. Zango kuma zan yi amfani da shi ga filin da ake tsayawa a kwana. Jimlar taya ta zama haka: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019.

Mai Kishin Harshe:
Tunda lokaci ya ƙure maka, ka tafi da shi, amma ni a rubutuna motar zango zan ci gaba da cewa. Kuma har yanzu ba ku ba wa ɗakin da ake ja a baya suna ba, kada dai wani ya ce mini tirela.