Neman shawara: In karɓi aikin tace littattafan firamare ko in tsaya kan labaraina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara goma sha biyu ke nan ina ci da alƙalami. Na fara da littattafan soyayya tun ana kai su kasuwar Sabon Gari a Kano. Da kasuwar takarda ta faɗi, na koma sayarwa ta WhatsApp. A tsakani na rubuta wasan kwaikwayon rediyo, na kuma fassara takardun wayar da kai kan rigakafi. Yanzu wani kamfani ya neme ni in zama editar littattafansa na Hausa, aji 1 zuwa 6. Albashi ne duk wata, abin da ban taɓa gani ba, amma sunana ba zai fito a bango ba. Maigida ya ce in karɓa. Ƙawata ta ce basirata za ta ƙafe. Don Allah waɗanda suka san aikin su ba ni shawara.

Wani dattijo, tsohon edita daga Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki karɓa, amma ki san ba gyaran waƙafi da aya aka kira ki ba. Manhajar NERDC, hukumar da ke tsara abin da ake koyarwa a makarantun Najeriya, za a ajiye a gabanki, kuma kowane darasi sai ya dace da abin da ta tsara wa ajin. Marubuci, sau da yawa malamin jami'a, zai kawo wa ɗan aji ɗaya jimla mai kalma ashirin. Ke za ki sassare ta, ki kuma lallashe shi, don babu mai son a taɓa masa rubutu. Sai yaƙin ƙa'idojin rubutu: mai rubuta "ya na" maimakon "yana", da kwamfutar da ke haɗiye lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, a wayi gari "ƙasa" ta koma "kasa" a shafi hamsin. Har mai zane sai kin sa masa ido. Na taɓa neman hoton rumbu aka zana mini ɗakin ajiya mai rufin kwano.

Maganar ƙafewar basira kuwa, Abubakar Imam malamin makarantar midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933. Magana Jari Ce don karatun 'yan makaranta ya rubuta shi a Zariya, sannan a 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wa ya ce rubuta wa yara ya rage shi?

Wani marubuci daga Kaduna:
Baba ya yi gaskiya, sai dai Hajiya, ki kula da takarda. Ni na sha wannan ruwan. An ba ni littafi da sunan tacewa, na tarar babu abin tacewa, na sake rubuta fiye da rabinsa. Aka biya ni sau ɗaya. Har yau ana sake buga shi da sunan wani, ko sisi ban ƙara gani ba. Ki sa a rubuta ƙarara: tacewa za ki yi ko rubutawa? In kin rubuta darasi da kanki, akwai kasonki a kuɗin ciniki, ko albashin ne ke nan? Sannan ki karanta sashen haƙƙin mallaka da kyau, kar ya haɗa da labaran da kike yi a gida da dare.

Wata malamar firamare daga Gusau:
Yaya, ni roƙo nake. Ki karɓa don Allah. Littafin da ke hannuna yanzu misalansa duk na birni ne, yarana ba su taɓa ganin lifta ba.

Wata marubuciya daga Kano:
Ni kam ban goyi baya ba, ƙanwata. Na yi shekara biyu na gudu. Daga Yuni zuwa Agusta babu barci, don dole littafi ya isa hannun dillalai kafin a koma makaranta a Satumba. Masu bin labarinki kuma ba su da haƙuri. Kin yi sati uku shiru, sun koma wajen wata.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti ta Kano, maganarki ce ta fi tsaya mini a rai, don ina tsakiyar wani labari yanzu. Baba, ana iya yin aikin ba tare da zaman ofis ba?

Dattijon Zariya:
Ana yi, 'yata. Ki nemi su ba ki littafin aji 1 da na aji 2 a kan kwangila, ki yi a gida, a biya rabi kafin ki fara. In kin gama, ki kai wa malamar nan ta Gusau darasi biyu ta gwada a ajinta kafin ki miƙa musu.