Shamuwa da ungulu sun yi ƙaranci a Zinder: faɗaɗar gari ce ta kore su?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana muhalli da dattawan wannan zaure. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san cewa zuwan shamuwa ke shaida wa manomi damina ta kusa, ya kuma san yadda ungulu ke cika mahauta. Yanzu gonakin da ke bakin gari sun koma filayen gini, a unguwarmu sheƙar shamuwa ta yi wuyar gani, ungulu kuwa sai a labari. Shin faɗaɗar garin ce sanadi, kuma me mai gida ɗaya zai iya yi?

Malamin Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Ya kamata a raba tsuntsayen biyu, domin matsalarsu ba ɗaya ba ce. Ungulu ba gine-gine suka kore ta ba, tun asali ma kusa da mutane take rayuwa. Abin da ya fi cutar da ita shi ne mushen da aka sa wa guba da kuma farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu magani, har ta kai a shekarar 2015 an saka irin ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Shamuwa kuwa itace take buƙata, kuma ba kowane itace ba. Tana zuwa mana daga kudancin Afirka ta yi ƙwai a lokacin damina, sai ta nemi babbar kuka ko tsamiya ko gawo mai rassa masu ƙarfi da za su ɗauki sheƙarta, kusa da filin da za ta sami fara. Idan aka raba gona, abu na farko da mai fili ke yi shi ne ya sare tsohon itacen da ke ciki, daga baya ya dasa dogon yaro a ƙofar gida. Ban raina dogon yaro ba, inuwarsa ta ceci titunanmu, amma dashen bana ba zai maye gurbin itacen da ya shekara sittin ba. Tun 1975 muke bikin dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, sai dai a ganina hana saran manyan da ke tsaye ya fi wannan gaggawa. Ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda sarakunan Damagaram sun hana saran gawo tun kafin zuwan Faransawa.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam, na yarda da bayaninka, amma a yi wa talaka adalci. Wanda ya sha wahala kafin ya sami ɗan fili, idan kuka ta tsaya a tsakiyarsa, a ina zai sa ɗaki? Gyaran yana hannun masu rabon filaye: tun wurin zane a bar manyan itatuwa su faɗa kan titi, harabar makaranta ko ta masallaci. Haka ma tabkunan cikin gari, inda balbela da zalɓe ke sauka, bai dace a ci gaba da cike su da shara da leda ba, domin ruwan da aka hana wa wurin kwanciya gidajen mutane yake shiga.

Manomi daga Mirriya:
Ɗan Birni, game da abin da mai gida zai yi, ku ɗauki darasi daga sassaben zamani. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun farfaɗo da itatuwa a kan kusan hekta miliyan 5, ba da dashe ba, sai da barin tohon da ya fito da kansa suna yi masa aski. Wannan ya dace da Zinder, inda ruwan sha ma ke wahala balle na ban ruwa. Idan kurna, magarya ko aduwa ta tsiro a kusurwar gidanka, ka kewaye ta saboda awaki, ka ajiye kaskon ruwa a ƙarƙashinta da bazara, ka kuma hana yara harbin kurciya da danƙo a lokacin da take kwanci.

Ɗan Birni:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, akwai tsamiya biyu a filin da ake shirin rabawa kusa da mu, zan kai maganarsu wurin mai unguwa kafin a kafa duwatsun iyaka.